Ajin WhatsApp na alamomin rubutun Turanci da na saka 'yata: yadda na gan shi

Salam 'yan uwa. Tunda na saka a status cewa an rufe ajin nan na koyon alamomin rubutun Turanci mutane ke ta tambayata ya yake, ya cancanci kuɗin ko kuwa irin ajujuwan nan ne da za a karɓi kuɗinka a turo maka PDF guda ɗaya shikenan malami ya ɓace. To bari in amsa wa kowa a lokaci ɗaya. Ajin ya cancanci kuɗinsa, musamman ga yaron da zai zana WAEC ko NECO da kuma mai son rubuta labari da Turanci, amma akwai abubuwan da suka ɓata min rai kuma zan faɗe su. Saboda haka ne ma ba zan kama sunan ajin ko na malamin ba, bawan Allah ne mai neman halak ɗinsa, kuma ƙorafin nawa na riga na faɗa masa baki da baki.

'Yata ce ke aji shida na sakandare, ita na biya wa, amma da yake wayata ake amfani da ita duk abin da aka yi a gabana aka yi shi, har na koma ina jiran lokacin darasin fiye da ita. Tsarin mai sauƙi ne, guruf ne a rufe, Malam kaɗai ke iya turo saƙo lokacin darasi, bayan sallar isha'i yake farawa, in ya gama ya buɗe a yi tambayoyi, sannan ya ba da aikin gida. Aikin gidan nan kuma da hannu ake rubutawa da biro a ɗauki hoto a tura masa, baya karɓar wanda aka buga a waya, yace allon rubutu na waya yakan gyara wa yaro babban baƙi da kansa, wani lokacin ma ya saka shi inda bai dace ba, to ba zai san me yaron ya iya da kansa ba. Wannan tun ranar farko ya burge ni. Kuma ajin gaba ɗaya abu biyu kawai ya riƙe, yadda ake saka maganar wani a cikin rubutu da yadda ake rubuta tambaya, bai ce zai koyar da Turanci duka a wata ɗaya ba kamar yadda wasu ke talla.

Da lissafin maki ya fara, kuma ina ganin da gangan yayi don yaran su nutsu. A jarrabawar Turanci ta WAEC insha'i maki 50 ne, ana son kalmomi wajen 450. Maki 10 na abin da ka faɗa ne, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, sai 10 na ƙarshe na tsabtar rubutu wato nahawu da rubuta kalma daidai da alamomin rubutu, kuma a wannan goman kowane kuskure da mai maki ya zagaye rabin maki ne ya tafi. Kenan kuskure 20 ya cinye goman tas. Sai ya rubuta wannan layin ya turo hotonsa:

"where are you going"? He asked.

Yace a nemo masa kuskuren da ke ciki. Yawancin yaran ɗaya suka gani. Uku ne. Baƙin farko na cikin maganar ya kamata ya zama babba, alamar tambaya ta fito waje alhali a ciki take, sannan He bai kamata ya ɗauki babban baƙi ba tunda jimlar bata ƙare ba. Daidan shine:

"Where are you going?" he asked.

Layi ɗaya mai kalma shida, in aka zagaye ukun maki ɗaya da rabi ya tafi, to yaron da ya zaɓi rubuta labari ya cika shi da hirar mutane kuma bai iya wannan ba, ku lissafa da kanku. Wallahi a nan na gane me yasa yara masu iya Turanci a baki, masu karanta littattafai, suke dawowa da C5 da C6 iyaye su rasa ina matsalar take.

Abin da yafi komai daraja a ajin nan a wurina shine yadda ya koyar da inda alamar tambaya ke zama. Bai basu ƙa'ida su haddace ba, tambaya ɗaya yace su dinga yi wa kansu kafin su ɗora biro: wa ke tambayar? In mutumin da ka ɗauko maganarsa ne ke tambaya, alamar ta shiga ciki tare da maganarsa. In kai mai rubutu ne ke tambaya, shi kuma maganarsa ba tambaya bace, alamar taka ce ta tsaya a waje. Ga misalan da ya bayar:

Aisha asked, "Have you eaten?"

Did Aisha say, "I have eaten"?

Did Aisha ask, "Have you eaten?"

Na farko Aisha ce ke tambaya, alama ta shiga ciki, kuma ba a ƙara aya bayan an rufe zancen, alamar tambayar ta riga ta rufe jimlar. Na biyu Aisha labari ta bayar cewa ta ci abinci, ni ce ke tambaya ko ta faɗi hakan, alama ta fito waje kuma ba a saka aya a ciki. Na uku dukanmu tambaya muke, to ba a saka guda biyu, ɗaya ake sakawa a ciki ta ishe mu. Na ga yadda 'yata ke yi yanzu in tana rubutu, sai ta dakata da biro a sama bakinta na motsi tana cewa wa ke tambaya, sannan ta ɗiga. Abin da nake nema kenan a wurin malami, ya ba yaro abin da zai shiga da shi ɗakin jarrabawa a kansa ba sai ya tuna shafi kaza ba.

Daga nan ya shiga tambayar da ake ba da labarinta, wadda ba a ɗauko kalmomin mai ita kai tsaye ba, kuma nan ne ya fi daɗewa don nan ne cutar tamu take. Kowa ya san irin jimlar nan da muke gani kullum a Facebook har a wasiƙun ofis:

He asked me that where am I going?

Malam yace abu uku suka lalace a nan, that bata da wurin zama, am I ya kamata ya juye ya koma I was, sannan alamar tambaya bata da aiki don wannan jimlar labari ce kake bayarwa, ba kowa kake tambaya ba. Daidan shine:

He asked me where I was going.

Da aya. Yadda ya fahimtar da su kuma da Hausa yayi, yace ai mu ma muna bambantawa, in mutum ya tsare ka zai ce "Ina za ka?" amma in kana ba da labari sai kace ya tambaye ni inda za ni, kuma ba wanda zai ɗaga murya a ƙarshen wannan kamar mai tambaya. Yace inda muryarka bata tashi da tambaya ba a Hausa, ka yi shakkar alamar tambaya a Turanci. Haka ya haɗa da irin su I wonder why he left da She wanted to know if the shop was open, duk aya suke ɗauka. Yara da yawa a guruf ɗin sun yi gardama kan I wonder, wani yaro ya dage yace ai Malam akwai why a ciki, Malam ya amsa masa cikin haƙuri yace Ɗana, kalmar why bata mayar da jimla tambaya, duba wa kake jira ya baka amsa, in babu to aya ce. Ban taɓa jin ya kushe yaro a gaban sauran ba ko sau ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu bane, yaran namu da yawa tsoron a yi musu dariya ne ke hana su tambaya a aji.

Ƙaramar tambayar da ake liƙawa a ƙarshen magana kuwa a gurguje ya wuce ta, You are coming, aren't you? waƙafi kafin ta, alamar tambaya bayanta, ya ja kunnensu kan saka isn't it a ƙarshen komai. Na so ace ya ɗan ƙara tsayawa a nan amma dai abin da ya faɗa daidai ne.

Sai maganar da ake rabawa gida biyu, a saka wanda ya faɗa a tsakiya. Wannan ga masu rubuta labari zinariya ce. Ya nuna biyu a jere:

"I will come," he said, "but not today."

"I will come," he said. "Wait for me at the gate."

A ta farko jimla ɗaya ce aka katse, shi yasa bayan said waƙafi ne kuma but ta fara da ƙaramin baƙi. A ta biyu jimla biyu ne kowacce mai zaman kanta, bayan said aya ce, Wait ta ɗauki babban baƙi. Yace hanyar ganewa ka cire he said ka karanta abin da ya rage, in ya haɗe ya zama jimla ɗaya to waƙafi, in biyu ne to aya. Ya ƙara da cewa duk lokacin da mai magana ya canja sai a shiga sabon sakin layi ko da kalma ɗaya ya faɗa, kuma in mutum ɗaya ne ke ta magana har ta ci sakin layi biyu ko uku, ana buɗe alamar zance a farkon kowane sakin layi amma ba a rufewa sai a na ƙarshe. Wannan na ƙarshen na sha ganinsa a jaridu da littattafai, da ya bayyana dalilin sai naji daɗi, wato rashin rufewar ce ke gaya wa mai karatu cewa mutumin bai gama ba.

Akwai wuri ɗaya da ban bi shi ba. Yace kuskure ne a rubuta "Come in," she smiled. don murmushi ba magana bace, sai dai a rubuta She smiled. "Come in." Na yarda ta biyun ta fi tsabta kuma ita zan ce wa mai jarrabawa ya bi, amma ta farkon ana samunta a littattafan da manyan kamfanoni suka buga, magana ce ta salo da editoci ke saɓani a kai, bai kamata ya jera ta a layi ɗaya da saka alamar tambaya a inda ba nata ba. Yara in ka ce musu komai haramun ne sai su kasa bambance babban laifi da ƙarami.

Gyaran aikin gida shine rabin kuɗin da na biya a ganina. Hoton takardar yaro yake ɗauka ya zagaye da ja a kan waya ya dawo da shi ta bayan fage ba a guruf ba. Na 'yata na farko da ya dawo, labarin wata tafiya ce zuwa ƙauye da hirar kaka da jikarta a ciki, ya zagaye wani waƙafi da ta saka bayan alamar tambaya, ta rubuta "Who cooked this?", Grandma asked. sai ya ja kibiya daga waƙafin zuwa gefen takarda ya rubuta da Hausa cewa alamar tambaya ta riga ta yi aikinsa, sallame shi. A ƙasa kuma inda ta yi daidai ya saka mata alamar kyau har da rubuta madalla. Yarinyar nan ta adana hoton. Ni dai na san a makarantar da yara suka yi yawa a aji ɗaya malami baya samun sukunin bin insha'in kowane yaro waƙafi bayan waƙafi haka, ba laifinsa bane, lokacin ne babu.

Wani abin da ban zata ba, akwai wata baiwar Allah daga Maraɗi a ajin, da Faransanci tayi karatu tana son ta ƙara Turanci saboda aiki. Ita matsalarta daban ce da ta yaranmu, a Faransanci alamar zancen da aka saba ita ce mai kama da kan kibiya « » kuma ana barin fili kafin alamar tambaya, to sai ta kawo wannan cikin Turanci. Malam ya ware mata lokaci ya nuna mata cewa a Turanci alamar tambaya manne take da kalmar ƙarshe ba fili, haka alamar buɗe zance manne take da kalmar farko. Ashe yaranmu na nan ma da yawa suna barin filin nan ba tare da sun taɓa karanta Faransanci ba, kawai sabo ne na rubutun waya, gyaran nata sai ya amfani kowa.

To yanzu ga inda raina ya ɓaci. Babba a ciki shine maganar Ingila da Amurka. Kowa ya san Turancin makarantunmu na Ingila yake bi, amma Malam ya yi ta koyarwa da tsarin Amurka bai ce komai ba, sai dab da rufe aji ya ce af, akwai fa bambanci. Kuma bambancin na gaske ne. Amurkawa alamar zance mai ƙafa biyu suke fara amfani da ita, in akwai magana cikin magana su saka mai ƙafa ɗaya a ciki, littattafan Ingila da yawa kuma akasin haka suke yi, ƙafa ɗaya a waje biyu a ciki. Sannan Amurkawa aya da waƙafi kullum ciki suke cusa su ko da kalma ɗaya aka ɗauko, Ingila kuma sai in ayar ta cikin maganar da aka ɗauko ce:

He called the plan "useless."

He called the plan 'useless'.

Ta sama Amurka, ta ƙasa Ingila. Kowanne da tushensa mai tsawo, littafin ƙa'idojin madaba'ar jami'ar Oxford tun 1893 aka fara fitar da shi, na jami'ar Chicago kuma 1906, ba wanda za a ce shine kuskure. Sa'ar da aka yi ita ce a hirar labari inda mutum ya faɗi cikakkiyar jimla duka biyun ciki suke saka waƙafi da aya, kuma ƙa'idar wa ke tambaya ɗaya ce a ko'ina, don haka yawancin abin da ya koyar bai rushe ba. Amma yaran sun rikice, wata yarinya ta rubuto Malam to duk abin da muka koya na Amurka ne kenan za a kayar da mu? Ya kwantar mata da hankali yace ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai daga farkon takarda har ƙarshe, shawara ce mai kyau, sai dai a ranar farko ya kamata a ji ta ba ana shirin watsewa ba. Na kira shi na faɗa masa haka, yace Hajiya gaskiyarki ce, tsoron kada ya cika musu kai tun farko ne yasa ya jinkirta. Na fahimci niyyar amma ban gamsu ba.

Na biyu saƙon murya. Alamar rubutu abu ne na ido, amma wasu ranakun in ya gaji sai ya turo doguwar murya yana cewa buɗe zance, babban baƙi, kaza kaza, waƙafi, rufe zance, yaro na ta ƙoƙarin zana abin a kansa, ga data na tafiya. Ranar da ya rubuta a takarda ya ɗauki hoto minti biyu sun ishe ka ka gane, ranar murya kuwa sai 'yata ta saurara tana tsayarwa tana rubutawa, wani lokacin ma abin da ta rubuta ba shi yake nufi ba. Na uku kuma yawan mutane, ya ɗauki ɗalibai fiye da ƙarfinsa, daga tsakiyar ajin gyaran aikin gida ya fara jinkiri har a shiga sabon darasi yaro bai ga kuskurensa na baya ba sai ya maimaita shi. Kuma in an buɗe guruf don tambaya wasu manya ne ke cika shi da gaisuwa da sitika har tambayar yaro ta nutse, admin ɗaya mai tsare wannan da ya wadatar.

Abin da bai taɓa ba shine salon jarida, irin yadda jaridunmu ke saka ruwa biyu kafin maganar gwamna ko minista, da yadda ake ɗauko rabin jimlar mutum a saka cikin taka bayan that ba waƙafi ba babban baƙi, da yadda ake nuna an tsallake wasu kalmomi. Don haka ɗan jarida ko ɗalibin jami'a mai rubuta furojet zai ƙaru da tushen amma ba zai samu duk abin da yake buƙata ba, ajin na 'yan sakandare ne da masu rubuta labari. Masu tambayar satifiket kuma, babu, bai kuma yi alƙawarinsa ba.

Masu cewa ai akwai manhajojin da ke gyara Turanci a waya da kwamfuta kyauta, eh akwai kuma suna da amfani, amma ɗakin jarrabawa yaro baya shiga da su, kuma manhaja gyara maka take ta wuce baka san dalili ba. In za ku saka yaranku a irin wannan ajin, nasa ko na wani, dan Allah ku tambaya kafin ku tura kuɗi, mutum nawa za a ɗauka, malamin da kansa zai gyara rubutun kowane yaro ko kuwa amsa kawai zai turo a guruf kowa ya duba nasa, a rubuce zai koyar ko a murya, kuma tsarin Ingila zai bi ko na Amurka. In ya kasa amsa ta ƙarshen nan ku riƙe kuɗinku.

Shi dai namu yace bayan hutu zai buɗe wani rukunin kan ruwa biyu da waƙafi mai ruwa da alamar mallaka, na ce masa zan sake saka ta in har zai rage yawan ɗalibai ya kuma daina koyarwa da murya, yace rage ɗalibai zai sa kuɗin ya ɗan hau, nace na yarda da hakan, yanzu sanarwarsa nake jira.